Tunkiya mai ciki da filin da aka sa wa taki: kwana nawa za a jira kafin a sake ta kiwo?

Idan an zuba takin zamani a gona ko a filin ciyawa, sai bayan kwana nawa tunkiya mai ciki za ta yi kiwo a wurin ba tare da fargaba ba? Duk damina sai wannan tambaya ta taso a kewayen Jos, daga Bukuru har Barikin Ladi, Mangu da Bokkos, inda gonakin masara da dankalin Turawa suke daf da turakun dabbobi. Wani ya ce kwana uku sun isa. Wani ya ce da zarar an yi ruwa ɗaya an gama. Wasu kuma sun dage cewa taki ba ya kashe dabba, duk tunkiyar da ta faɗi a bakin gona guba aka sa mata. Amsoshin suna karo da juna ne saboda ana haɗa abubuwa biyu a magana ɗaya: takin da yake kwance a kan ƙasa, da takin da ya riga ya shiga jikin ciyawa. Kowanne da lokacinsa da alamominsa da maganinsa, kuma ruwan saman da ke kawar da na farko shi ne yake tayar da na biyu.

Takin da ke kan ƙasa

Iri uku aka fi samu a hannun manomanmu: yuriya, kamfa mai lamba 15-15-15 ko 20-10-10, sai sufa. A cikinsu yuriya ce mai saurin kisa. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, kuma da ta isa tumbin tunkiya ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin suna mayar da ita amoniya nan take. Idan amoniyar ta fi ƙarfin hanta sai ta bi jini ta hau kai. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya da rabi za a ga tunkiya tana karkarwa, miyau na dalala, ciki ya kumbura, tana cizon haƙora, tana tangaɗi, daga nan ta faɗi tana shure-shure.

Adadin da ke yin wannan ɓarna ba shi da yawa. Daga giram 0.3 zuwa 0.5 a kan kowane kilo na nauyin dabba ake fara ganin illa, giram 1 zuwa 1.5 kuma yawanci kisa ne. Tunkiya 'yar ƙasa mai kilo 30, cokalin cin abinci ɗaya na yuriya ya isa ya kwantar da ita, uku ko huɗu su tafi da ita.

A nan yadda aka zuba takin yake da muhimmanci fiye da yawansa. Buhu ɗaya mai kilo 50 idan aka watsa shi daidai a kadada guda, wato hekta ɗaya, giram 5 ne kacal ke sauka a kowace murabba'in mita, yawancinsa kuma ya shige tsakanin ciyawa. Amma manomin masara ba watsawa yake yi ba. Yana bin kunya yana ajiye cikin marfin kwalba a gindin kowace shuka, sau da yawa ba ya rufewa da ƙasa. Tunkiyar da ta bi gindi biyar ko shida tana lasa ta sami rabonta. Haka wurin da aka farke buhu aka juye a kwano, nan ma taki yana zubewa tuli. Sai buhun da aka yar a bakin gona, da wanda aka kawo gida aka zuba dusa a ciki ba a wanke ba, da ɗan ruwan da ya kwanta a kwarin kunya bayan yayyafi, wanda ya narkar da takin amma bai kai shi cikin ƙasa ba. Dabbar da ta daɗe ba ta sami gishiri ko kanwa ba ita ce ta fi bin waɗannan wurare, don kwaɗayin gishiri ke sa ta lasar duk abin da ta gani fari.

Sufa ba ta kashewa cikin awa ɗaya, shi ya sa ake raina ta. Sufa tana ɗauke da sinadarin fulorayid, ga ƙura mai manne wa ganye, musamman idan akwai raɓa. Tunkiyar da ta kwana biyu tana cin irin wannan ganye za ta bar abinci, ta riƙa yawan shan ruwa, ta yi zawo, ƙoda ta taɓu, kalsiyam ɗin jininta ya yi ƙasa. A New Zealand, inda ake zuba sufa a filayen kiwon tumaki sosai, an daɗe da lura cewa masu tsohon ciki da masu shayarwa, musamman waɗanda yunwa ta taɓa, su suka fi faɗawa.

Takin da ya shiga ganye

Wannan ne ɓangaren da aka fi jahilta, kuma shi ya fi shafar ciki. Bayan ruwa ya narkar da taki, ƙwayoyin halittar ƙasa suna juya shi zuwa wani sinadari da ake kira naitiret, saiwa ta zuƙe shi zuwa kara. A can tsiro yake sarrafa shi ya zama furotin, amma sai da hasken rana. Idan saiwa tana ɗauka da sauri, rana kuma ba ta fitowa, naitiret sai ya taru a kara, musamman kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. Taruwar takan kai ƙololuwa tsakanin kwana 4 zuwa 14 bayan taki ya narke, wato daidai lokacin da ciyawa ta yi kore shar, mai tumaki ya duba bai ga ko ƙwayar taki ɗaya ba, ya ce ai an wuce wurin.

Yanayin Filato yana taimaka wa wannan matsala. A watannin Yuli da Agusta, lokacin marka, ana iya yin kwanaki a Jos gari a lumshe, ga sanyi, ga yayyafi, rana sai ta leƙo ta koma. Ƙasa a jiƙe take, saiwa na aiki, ganye ba ya samun hasken da zai cinye abin da ake kawo masa. Lokaci na biyu shi ne idan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku a farkon damina, shuka ta yi yaushi, sannan aka yi ruwa mai ƙarfi. Kwana uku zuwa biyar na farko bayan wannan ruwa tsiro yana kwankwaɗar naitiret fiye da yadda zai iya sarrafawa.

A cikin tumbi, naitiret yana komawa naitirait, daga nan ya koma amoniya da jiki ke amfana da ita. Matakin farko ya fi na biyu sauri, don haka idan tunkiya ta ci da yawa a lokaci guda naitirait sai ya taru ya shiga jini. Can yake ɓata sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, jini ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar cakulan, yana zagayawa amma ba ya kai iska ko'ina. Tunkiya za ta riƙa haki baki buɗe alhali ba ta yi gudu ba, ta kasa bin garke, ƙafafu na rawa. Idan aka ɗaga fatar idonta ko leɓenta, maimakon jan nan mai haske sai a ga launin toka ko ƙasa-ƙasa. Wannan yakan bayyana awa 1 zuwa 4 bayan ta ci.

Tsirrai ba ɗaya suke ba wajen tara shi. Masara da dawa da gero tun suna ƙanana, ciyawar giwa da ake shukawa don kiwo, alayyahu da danginsa na daji irin su zaƙi-banza da rukuɓu, da ganyen kabeji, duk suna kan gaba. Abin lura shi ne yawancin tumakin cikin gari ba sa taka gonar ma. Ciyawar da aka nome a tsakanin kunyoyin masara ake ɗaurowa a kawo musu, ko ɓawon kabeji da ganyen karas daga lambunan bakin kududdufan kuza da kasuwar Farin Gada. Ciyawar nan ta sha takin da masarar ta sha. Mafi muni kuma shi ne a cusa ta ɗanya a buhu ta kwana. Da safe idan aka sa hannu a tsakiyar buhun za a ji ɗumi, wannan ɗumin alama ce ta cewa an fara juya naitiret zuwa naitirait tun kafin ta kai bakin dabba, kuma naitirait ya ninka naitiret dafi kusan sau goma. A baza ciyawa a inuwa ta sha iska, kada a bar ta a tsibe. Shanya ta har ta bushe ba ya rage naitiret ɗin da ke ciki, saɓanin abin da mutane da yawa suke zato.

Tohon dawa, wanda makiyaya suka daɗe da sanin sharrinsa, guba ce ta daban da taki ke ƙara wa ƙarfi. Ita jini ja wur take mayarwa, kuma ta fi saurin kisa.

Me ya sa mai ciki ta fi shiga haɗari?

Cikin tunkiya wata biyar ne, kimanin kwana 147 zuwa 150, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a makonni shida na ƙarshe yake faruwa. Ɗan da ke ciki iskar da ta rage a jinin uwa yake samu. Saboda haka adadin naitiret ɗin da bai isa ya kayar da uwa ba yana iya kashe ɗan. Uwa za ta yi 'yar kasala ta yini ɗaya, ta warware, ta ci gaba da tuƙa, sai bayan kwanaki, wani lokaci har mako biyu, ta yi ɓari ko ta haifi ɗa marar ƙarfi da ba zai tashi ya kama nono ba. A lokacin an manta da zancen gonar. Masana abincin dabbobi sun sa iyaka: busasshen abincin da naitiret ɗinsa ya kai kashi 1 cikin 100 yana iya kisa, na mai ciki kuwa kada ya wuce rabin haka.

Akwai kuma abin da sabon toho mai taki yake yi wa ma'adinan jiki. Ciyawar da ta sha naitirojin da fotash da yawa tana hana tumbi ɗaukar maganiziyam, sai a ga tunkiya tana firgita, jiki na sandarewa. Wannan ya fi kama wadda ta haihu cikin makonni huɗu zuwa shida, musamman mai shayar da biyu.

Sai dai tsare tunkiya a gida ba tare da tanadi ba shi ma kisa ne, kuma a ganina shi ya fi cin tumaki a unguwanninmu fiye da takin kansa. Mai tsohon ciki, balle mai tagwaye, tumbinta ya matse, buƙatarta ta ƙaru. Idan aka ɗauke ta daga kiwo aka ɗaure a turke da ɗan karan masara, cikin kwana biyu ko uku jikinta zai fara narkar da kitsensa, ta kamu da ciwon ƙarancin sukari na masu ciki: ta ware daga sauran, ta tsaya kai a sama, ta yi kamar ba ta gani, daga baya ta kwanta ba ta tashi. Wadda ta kai ga kwanciya da wuya ta tashi. Don haka tanadin abincin kwanakin jira a yi shi kafin a fasa buhun taki.

To, kwana nawa?

Ga tunkiya mai ciki sharuɗɗa uku ne, kuma sai sun cika tare. A sami ruwan sama na aƙalla milimita 25 bayan zuba takin. A cika kwana 21 daga ranar da takin ya narke, idan yuriya ce ko kamfa, a ƙara zuwa 28 idan an zuba da nauyi ko an yi ta marka. Sannan ya kasance an sami kwana biyu ko uku na rana sosai kafin ranar sakin.

Auna ruwan ba ya buƙatar na'ura. A sami gwangwanin tumatir ko na madara mai miƙaƙƙen jiki, a cire murfin gaba ɗaya, a ajiye a fili nesa da bishiya da indararo. Idan ruwan da ya taru ya kai santimita 2.5, kusan tsawon gaɓar farko ta babban yatsa, an kai milimita 25. Daga nan a shiga filin da ƙafa, a buɗa ciyawa da hannu a wurare da dama, a duba gindi. Inda aka ga farin tuli ko dunƙulen da bai narke ba, a kwashe ko a binne. A noman rani, inda babu ruwan sama, ban ruwan da ya wanke ganye ya kuma nutsar da takin ne yake tsayawa a madadinsa, ruwan da ke gangarowa daga fangali kuma ba na shan dabba ba ne.

Wanda yake da filin ciyawa na kansa, kamar masu gonakin kiwo a wajen Vom da Kuru, ya raba filin gida uku ko huɗu, ya sa taki a ɗaya bayan an gama kiwonsa, tumaki su zagaya sauran. Kada yuriya ta wuce buhu biyu a kadada a zubi ɗaya. Gara a raba ta sau biyu a damina da a zuba ta gaba ɗaya. Ɓangaren da za a ajiye wa masu tsohon ciki kuwa, mafi sauƙi shi ne kada a sa masa naitirojin sai sun haihu.

A kwanakin jira, tunkiya mai kilo 30 tana buƙatar kusan kilo ɗaya na busasshen abinci mai kyau a yini, harawar gyaɗa ko ta wake da ɓawon wake, tare da dusar masara ko ta alkama giram 250 zuwa 400 a raba safe da yamma. Idan ba ta saba da dusa ba a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin mako guda. Ruwa mai tsabta da dutsen lasa su kasance a gabanta kullum.

Ranar da za a sake su

Kada a saki tunkiya da yunwa. Wannan shi ne abin da ya fi raba garken da ya tsira da wanda ya yi asara a fili ɗaya. A ba su harawa da safe su ƙoshi, domin cikakken tumbi yana rage haɗama, dusar da ke ciki kuma tana taimaka wa ƙwayoyin tumbi su kammala juya naitirait zuwa amoniya. A bari sai bayan azahar, lokacin da raɓa ta bushe, rana ta rage abin da ya taru cikin dare. Ranar farko awa ɗaya ta isa, mutum yana tsaye yana kallo. A riƙa ƙara awa ɗaya kullum har kwana biyar zuwa bakwai, don tumbi yana sabawa a hankali. Raguna da waɗanda ba su da ciki su riga shiga da kwana biyu. Kada a bari su gwaguye ciyawa har ƙasa, mai yanka da lauje shi ma ya bar taƙi ɗaya daga gindi. Idan marka ta dawo aka yi kwana biyu ba rana, a koma ga harawa da gajeren kiwo.

Kashin kaji fa?

Tun da takin zamani ya yi tsada daga 2022, manoma da yawa a Filato sun ƙara karkata ga kashin kaji, wanda Jos ba ta rasa shi saboda yawan gidajen kaji. Ana ɗaukarsa a matsayin na gargajiya marar illa, amma yana da nasa. Shi ma naitirojin ne mai yawa, yana tara naitiret a ganye. Mushen kaza da ya ruɓe a cikin buhun yana iya ɗaukar dafin da ke shanye jikin dabba, ta kasa haɗiya, harshe ya fito. Ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo da ke jawo ɓari. Sannan abincin kaji yakan ƙunshi sinadarin tagulla, tumaki kuwa su ne mafi rauni a kansa: yana taruwa a hanta na watanni, rana ɗaya ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi. A tara kashin ya ruɓe ya huce kafin a kai fili, a tsince mushe da ƙasusuwa, a jira mako uku zuwa huɗu da ruwa mai kyau.

Idan ta riga ta faru

A fitar da garken duka daga wurin, amma a hankali. Tunkiyar da jininta ba ya ɗaukar iska, kora da gudu tana iya ƙarasa ta. A ɗauke ta a kai inuwa, a kira likitan dabbobi, a gaya masa irin takin da ranar da aka zuba.

Idan yuriya ta lasa, maganin gaggawa shi ne ruwan khal, wato binega na girki, rabin lita zuwa lita ɗaya ga babbar tunkiya, a bi da ruwan sanyi. Tsaminsa yana hana amoniya shiga jini. A ɗura kaɗan-kaɗan ta gefen baki, kuma sai ga wadda take iya haɗiya. Wadda take shure-shure idan aka ɗura mata huhu zai tafi, sai likita da robar ɗura. Ruwan kanwa, wanda shi ne abin da hannu ke fara kaiwa a gidajenmu idan dabba ta kumbura, a nan ƙara wa wuta mai ne, domin yana sa amoniya ta fi saurin ratsa tumbi.

Idan naitiret ne, binega ko manja ba su da abin yi. Maganinsa allurar metilin bulu ce ta jijiya, aikin likita ne, kuma idan an yi ta da wuri tunkiya tana iya miƙewa cikin ɗan lokaci. Wadda ta warke a sa mata ido na mako biyu saboda ɓari.

Tsakanin manomi da mai tumaki

Manomi yana da gaskiyarsa: gonarsa ce, taki ya saya da tsada, bai zuba don dabbar kowa ba. Mai tumaki shi ma yana ganin lafiya lau ya sake ta, da yamma ta mutu da kumfa a baki, me zai kira wannan in ba guba ba? A jihar da zargin sa wa dabbobi guba yake iya zama abin da ya fi ƙarfin mai unguwa, bambance dalilin mutuwa ba ƙaramin abu ba ne. Manomi ya rufe takinsa da ƙasa, wanda dama ribarsa ce don yuriyar da aka bari a fili iska take bi, ya kwashe buhunansa, ya sanar da maƙwabta ranar da ya zuba da ranar da ya yi feshin maganin ciyawa. Mai tumaki kuma ya tambayi mai kawo masa ciyawa daga wace gona ya yanko.

Ba kowane ɓari ne na taki ba. Cutar da Fulani ke kira bakkale da wasu cututtukan mahaifa suna zubar da ciki, kuma suna kama mutum, don haka mace mai juna biyu kada ta taɓa ɗan ɓari ko mabiyiyarsa, a binne su da zurfi. Gawar da ta mutu farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta ko a ci, don tana iya zama cutar saifa, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Suleja a 2023. Sauran gawarwakin kuwa a gaggauta kai su ga likita cikin 'yan awanni, saboda launin cakulan na jinin yana gushewa bayan mutuwa. Likita zai ɗebi abin cikin tumbi da ruwan ƙwayar ido, wanda ya fi daɗewa yana riƙe naitiret. A haɗa da damin ciyawar da ta ci, an yanko har gindi, da ɗan takin a leda daban, a kai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ko asibitin dabbobi mafi kusa, a cikin ƙanƙara idan tafiyar za ta wuce awa biyu.